Darasin Noma: In Ganyen Shukar Tukunya Ya Ƙone, Mu Duba Kafin Mu Yi Magani

 

A Sae Sabuwa da ƙauyukanta ba kowa ne yake da garka ba. Gulbin Maraɗi yana da nisa ga wasunmu, rijiya kuma tana da zurfi. Saboda haka mata da yawa suna shuka kayan miya cikin gida. Wata ta shuka tumatir cikin tsohuwar tukunya. Wata ta sa tonka cikin jarkar da aka yanke. Wata kuma ta cika buhu da ƙasa ta dasa tattasai ko yalo. Haka ake yi a Gidan Rumji, haka ake yi a Agye da Gazawa. Wannan dabara ce mai kyau. Tana rage kuɗin cefane, tana kuma sa yara su sami ɗanyen kayan miya a lokacin rani.

Amma akwai wata matsala da take karya zuciyar masu wannan aiki. Shuka tana cikin girma, sai a wayi gari ganyenta ya fara ƙonewa. Ya koma ruwan ƙasa, ya bushe, ya kakkarye. A kan wannan matsala za mu yi darasinmu na yau.

ABIN DA MUKA GANI

Wata rana, bayan an tashi daga karatu, wata dattijuwa cikin ɗalibanmu ta kai mu gidanta. Ta nuna mana tumatir shida cikin jarkoki, jere a gindin katanga. Bakin ganyen duk ya ƙone.

Ta ce: "Malam, dubi wahalata. Wata biyu ina ɗawainiya da su."

Muka ce: "Sannu, Inna. Me kika yi musu da kika ga haka?"

Ta ce: "Maƙwabciyata ta ce yunwa ce, sai na zuba musu takin zamani, cikin hannu ɗaya ɗaya. Abin ya ƙaru. Yarona ya ce ƙwari ne, ya sayo magani a kasuwa, muka fesa. Abin bai daina ba."

Muka ɗaga jarka ɗaya, muka ji ta da nauyi ƙwarai. Muka duba gindinta, babu huda ko ɗaya. Muka tambaye ta ruwan da take ba su. Ta ce ruwan wanke-wanke ne, don kada ya zube a banza.

Shukar Inna ba yunwa take ji ba, kuma babu ƙwaro ko ɗaya a jikinta. Ruwa ne ya kwanta mata, gishiri da sabulu suka taru a ƙasarta. Takin da aka ƙara ya ƙara mata ciwo. Kuɗin magani kuma ya tafi a banza. Garin gyaran gira an kusa rasa ido.

Ga abin da za mu riƙe: ƙonewar ganye alama ce, kamar zazzaɓi a jikin mutum. Abubuwa da yawa suna kawo ta. Likita ba ya ba da magani sai ya duba mara lafiya. Mu ma kada mu zuba taki, kada mu fesa magani, sai mun duba.

YADDA ZA MU DUBA

Mu yi wa shukarmu tambayoyi huɗu.

1. Wane ganye ne ya ƙone? Tsohon da yake ƙasa, ko sabon da yake sama?

2. Ina ne ya ƙone a jikin ganyen? Bakinsa ne, ko tsakiyarsa, ko kuwa tabo ne nan da can?

3. Yaya ƙasar take? Mu tura yatsa cikinta har gaɓa ta biyu. A bushe take, ko da laima, ko ta yi caɓi?

4. Me yake bayan ganyen? Mu juya shi mu duba da kyau, domin ƙwari a nan suke ɓuya.

In ganye ɗaya ne ko biyu na can ƙasa suka yi rawaya suka bushe, alhali na sama kore ne shar, to babu damuwa. Tsufa ne. Mu cire su kawai. In abin ya wuce haka, sai mu nemi dalili cikin waɗannan da za mu bayyana.

NA ƊAYA: ƘISHIRWA

Shukar da take gona tana miƙa saiwarta ƙasa ta nemi laima. Shukar tukunya ba ta da inda za ta je. Abin da muka ba ta, shi kaɗai gare ta. Ƙasarmu ta jigawa kuma ba ta riƙe ruwa.

Alama: ganye yana yin yaushi da rana. Bakinsa ya bushe, in mun murza shi sai ya marmashe. Tukunya ba ta da nauyi. Wani lokaci ƙasa takan janye daga jikin tukunya, ruwa ya bi ta gefe ya fice bai jiƙa saiwa ba.

Gyara: mu ba da ruwa sannu a hankali, har ya fara ɗiga ta ƙasa. Mu yi haka da sassafe. A lokacin zafi mu sake gwadawa da yatsa da marece. In ƙasa ta bushe mu ƙara. Mu rufe bisan ƙasar da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa, don laima ta daɗe. Tumatir guda ɗaya yana son mazubi mai cin lita 10 ko fiye. Gwangwanin madara ya yi masa kaɗan.

NA BIYU: RUWA YA YI YAWA

Wannan ita ce ta fi ruɗa mutane, domin alamarta tana kama da ta ƙishirwa. Saiwa tana numfashi kamar yadda muke yi. In ruwa ya kwanta cikin tukunya, iska ba ta isa gare ta, sai ta ruɓe. Saiwar da ta ruɓe ba ta iya shan ruwa. Sai ganye ya yi yaushi alhali tukunya cike take da ruwa. Mai shuka ya ga yaushi, ya ƙara ruwa, ya ƙarasa ta.

Alama: ganyen ƙasa ya yi rawaya, daga baya ya koma ruwan ƙasa. Ƙasa ta yi caɓi, wani lokaci har da wari. In mun zare shukar a hankali muka duba, saiwa mai lafiya fara ce, mai ƙwari. Mai ciwo kuwa baƙi-baƙi ce, mai laushi, tana saɓulewa a hannu.

Gyara: kowane mazubi sai an huda gindinsa, huda 4 ko 5, kowace kamar kaurin fensir. Mu ɗora shi bisa duwatsu don ruwa ya sami hanyar fita. Mu dakatar da ban ruwa sai bisan ƙasar ya sha iska. In saiwa ta fara ruɓewa, mu yanke wurin da ya lalace, mu sake dasa shukar cikin sabuwar ƙasa, mu ajiye ta a inuwa kwana 3 ko 4.

NA UKU: GISHIRI DA YAWAN TAKI

Duk ruwan rijiya yana ɗauke da ɗan gishiri, ko da harshe bai ji ba. Wata rijiyar ma ruwanta zartsi ne. Rana tana shanye ruwa, amma ba ta ɗaukar gishiri. A gona, ruwan damina yana wanke shi ya tafi ƙasa. A tukunya kuwa taruwa yake yi kullum.

Takin zamani shi ma ɗan'uwan gishiri ne. Mun san in aka barbaɗa gishiri a kan yankakken tumatir, ruwansa yakan fito. Haka taki mai yawa yake yi wa saiwa: maimakon ta sha ruwa, sai a janye nata. Ɗanyen kashin kaji da ɗanyen kashin awaki da bai ruɓe ba su ma suna ƙona shuka. Haka nan ruwan wanki da na wanke-wanke, saboda sabulu, da gishirin miya, da kanwa.

Alama: tsinin ganye da bakinsa sun ƙone kewaye, kamar an bi su da wuta, tsakiya kuwa kore ce. Akan ga wani farin abu kamar kanwa bisa ƙasa ko a bakin tukunya. Sau da yawa abin yakan bayyana kwana kaɗan bayan an zuba taki.

Gyara: mu kankare farin abin da ƙasar da take sama mu zubar. Sa'an nan mu wanke ƙasar tukunya da ruwa mai kyau. Mu riƙa zubawa kaɗan kaɗan yana fita ta hudojin ƙasa, har mu zuba kamar ninki biyu na abin da mazubin yake ci. Mun san ruwa yana da wuyar samu. Amma wannan wanki sau ɗaya a wata ya isa, ruwan da ya fito kuma ana iya tarbe shi a ba babban icce. Bayan wanki kada mu sa taki sai sabon ganye ya fito.

Nawa ne takin da ya dace? Masu binciken noma na ICRISAT da suke Sadore, kusa da Yamai, sun koya wa manoman hatsi sa taki ɗan kaɗan a kowane rami: giram 6 na takin 15-15-15, wato cikin murfin kwalbar lemo guda. Tukunya mai lita 10 ba ta bukatar fiye da haka a zubi ɗaya. Mu binne shi a gefen tukunya, nesa da kara, mu bi shi da ruwa. Abin da ya fi aminci shi ne ruɓaɓɓen takin gida, wanda ya yi baƙi, ba ya zafi, ba ya wari. Mu haɗa kashi 1 na taki da kashi 2 na ƙasa tun kafin dashe.

NA HUƊU: ZAFIN RANA DA ISKA

A jihar Maraɗi, cikin watannin Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce awo 40. Baƙar roba da gwangwanin ƙarfe suna ɗaukar zafi har su dafa saiwa. Katangar da rana ta gasa ita ma tana mayar wa shuka da zafi. Iskar hunturu kuma tana busar da ganye.

Alama: ganyen da yake fuskantar rana ne ya ƙone, na ɓangaren inuwa lafiya lau. Wurin yakan yi fari tukuna, kamar takarda, kafin ya koma ruwan ƙasa. Hakan yakan faru ga shukar da aka fitar daga inuwa zuwa rana gaba ɗaya.

Gyara: mu ajiye shuka inda za ta sami hantsi, inuwa kuma ta rufe ta daga azahar. Kada mu kai ta cikin duhu, domin tumatir yana son rana kamar awa 6 a yini. Mu kare ta daga iska da zana. Mu naɗe jarka da tsohon buhu. Tukunyar ƙasa ta fi roba, don tana sanyaya abin da yake cikinta kamar yadda randa take sanyaya ruwa. Kuma mu lura da lokaci: tumatir ya fi jin daɗin sanyi. Wanda ya shuka cikin Oktoba ko Nuwamba zai ci amfaninsa kafin bazara ta yi tsanani.

NA BIYAR: ƘWARI

Iri uku ne suka fi damun mu.

Na farko wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ja, dangin gizo-gizo. Yana zama bayan ganye yana tsotse shi. Yana son zafi da ƙura. Ganye yakan yi ɗigo-ɗigo fari, daga baya ya yi ja-ja ya bushe. In sun yi yawa akan ga saƙarsu. Ga yadda za mu gane su: mu riƙe farar takarda ƙarƙashin ganye, mu kaɗa shi. In mun ga jajayen ɗigo suna tafiya bisa takarda, to su ne.

Na biyu wata ƴar tsutsa ce da take shiga tsakanin fatar ganyen tumatir tana ci daga ciki. Masana suna kiran ta Tuta. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne. Ta shiga ƙasar Sifen a 2006, daga nan ta bazu zuwa Afirka. A 2016 ta yi mummunar ɓarna a gonakin tumatir na Kano da Kaduna, har tumatir ya yi tsada ƙwarai. Alamarta wani fili ne a ganye mai haske kamar leda, wanda daga baya yake bushewa. In mun ɗaga ganyen ga rana za mu ga tsutsar ciki tare da baƙin kashinta.

Na uku ba a ganin sa da ido. Cikin ƙasa yake, yana sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi. Shukar ba ta girma, tana yaushi da rana ko da akwai laima. Wannan ba shi da gyara cikin tukunya. Mu tuge shukar mu ƙone ta, mu zubar da ƙasar nesa, mu wanke mazubin mu shanya shi a rana.

Ga na farko da na biyu, mu fara da hannu. Mu cire ganyen da ya kamu, mu ƙone ko mu binne. Mu wanke bayan sauran ganyen da ruwa. Sa'an nan mu haɗa maganin dogon yaro, wanda wasu suke kira bedi:

- Mu daka busassun ƴaƴansa, rabin kilo.
- Mu jiƙa garin cikin ruwa lita 10, ya kwana.
- Mu tace da tsumma mai tsabta.
- Mu narka ɗan sabulu kaɗan a ciki, don maganin ya kama ganye.
- Mu yayyafa da marece, sama da bayan ganye, sau ɗaya a mako.

Mai tukwane kaɗan ya haɗa rabin wannan. Kada a yawaita sabulu, kada a yayyafa da tsakar rana, don kada ganye ya ƙara ƙonewa.

NA SHIDA: CUTAR TABO

Wannan takan zo da damina, ko in muna zuba ruwa bisa ganye. Alamarta tabo ne ruwan ƙasa mai zobe-zobe a ciki, kewaye da rawaya. Tana farawa daga ganyen ƙasa tana hawa sama. Ƙwayar cutar tana cikin ƙasa da tsohon ganye, ruwa ne yake fallatsa ta.

Gyara: mu cire ganyen da ya kamu mu ƙone, mu wanke hannu kafin mu taɓa wata shukar. Mu zuba ruwa a gindi, ba bisa ganye ba. Mu raba tukwane da juna don iska ta ratsa. Kada mu sake shuka tumatir cikin wannan ƙasar.

GARGAƊI A KAN MAGANIN KASUWA

Shukar tukunya cikin gida take. Nan yara suke wasa, nan kaji suke kiwo, nan ake girki. Maganin ƙwari guba ne. Wanda ake sayarwa cikin ƙullin leda ko kwalbar da ba ta da rubutu, ba mu san abin da yake ciki ba. Kada mu kawo shi kusa da abin da za mu sa a miya. Cikin dalilai shida da muka karanta, huɗu ba su da alaƙa da ƙwari ko cuta. In abin ya fi ƙarfinmu, mu tsinki ganyen mu kai wa malamin gona. Su ma in ya shige musu duhu, akwai masu bincike na INRAN a Tarna, kusa da Maraɗi.

GA MAI SON GWADA SABON IRI

Akwai wani ɗan marmari ja mai suna sitiroberi. Ana noma shi a tudun Jos da kuma garkokin Wagadugu a lokacin sanyi. Ana iya shuka shi a tukunya. Amma mu sani, ya fi tumatir tsoron gishiri da zafi, saiwarsa kuma ba ta zurfi. Bakin ganyensa yana saurin ƙonewa. Duk abin da muka faɗa ya shafe shi. Ƙari guda: wurin dashe kada a binne zuciyarsa, wato inda ganye yake fitowa, domin ruɓewa take yi.

BAYAN GYARA

Ganyen da ya riga ya ƙone ba ya komawa kore. Kada mu tsaya kallon sa. Sabon ganye shi ne zai ba mu labari. Mu yi haƙuri mako ɗaya ko biyu. In toho ya fito kore, to mun gano ciwon. Wurin cire ganye kuma kada mu tsige shuka duka. In rabin ganye kore ne, mu bar shi, yana ciyar da ita. Kuma mu yi gyara ɗaya a lokaci ɗaya, don mu san wanda ya yi amfani.

Haka muka yi da Inna. Muka huda jarkokin, muka wanke ƙasar da ruwan rijiya, muka janye su daga jikin katanga. Biyu saiwarsu ta riga ta ruɓe, ba su tashi ba. Huɗu suka yi sabon toho. Da muka koma, ta ce: "Malam, ashe ƙusa ɗaya ce maganin, ni ina can ina ɓarnar kuɗi."

MU TUNA

- Bakin ganye ya bushe, ƙasa a bushe: ƙishirwa.
- Ganye ya yi rawaya, ƙasa caɓi: ruwa ya yi yawa.
- Baki ya ƙone kewaye, ga farin abu bisa ƙasa: gishiri ko yawan taki.
- Ɓangaren rana kaɗai ya ƙone: zafi.
- Ɗigo-ɗigo da saƙa, ko fili mai haske: ƙwari.
- Tabo mai zobe-zobe: cuta.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne tambayoyi huɗu za mu yi kafin mu yi wa shuka magani?

2. Me ya sa shuka take yaushi alhali tukunyarta cike take da ruwa?

3. Me ya sa ruwan wanke-wanke bai dace da shukar tukunya ba?

4. In rabin kilo na ƴaƴan dogon yaro yana shiga lita 10 na ruwa, giram nawa za mu sa cikin lita 5?

AIKI

Kowa ya duba shukar gidansa ko ta maƙwabcinsa. Ya rubuta cikin littafinsa sunan shukar, da ranar da ya duba, da abin da ya gani a ganye da ƙasa. Ya zo da ganye guda wurin karatu, a duba tare. Bayan mako biyu ya sake rubuta abin da ya canza.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka ga abin da muka shuka. Sai darasi na gaba.